A Auna Altanato Kafin A Yanke Masa Hukunci

Duk motar da ta taso daga Yamai za ta Birnin Ƙonni, Maraɗi ko Damagaram sai ta ratsa ta Kore Mairuwa, bayan ta baro Dosso kafin ta isa Dogon Dutsi. Manyan bas-bas na kamfanoni suna wucewa fuu bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, amma motocin da garin ke rayuwa da su na daban ne: tsofaffin Hiace, akori-kura irin su Peugeot 504 da Hilux, da manyan Marsandi masu jidar buhuna, waɗanda ke sauka daga kwalta su kama jar hanya zuwa Tibiri, Dumega, Gecheme da ƙauyukan Dallol Mauri. Da yawansu sun girmi yaron motar da ke rataye a bayansu. Su ke fitar da gero da wake da gyaɗa da rake zuwa kasuwa, su ke kai mai naƙuda asibiti in dare ya yi. Kuma kowa ya saba ganin ɗaya daga cikinsu da sassafe an sauke fasinja ana turi, direba ya leƙo ta taga yana faɗin a ƙara ƙarfi. In turin ya yi yawa, hukuncin da ake yankewa a gareji kusan kullum iri ɗaya ne: a sayi batir, in bai yi ba a canza altanato. Ra'ayina shi ne wannan hukunci ana yanke shi ba tare da shaida ba, yana cin kuɗin talaka, kuma sau da yawa abin da ake cirewa ya fi abin da ake ɗaurawa nagarta. Altanaton tsohuwar mota abu ne da aka ƙera don a buɗe shi a gyara, canza shi ɗungurungum kuwa matakin ƙarshe ne bayan awo ya tabbatar babu sauran mafita.

Mafarin ruɗanin shi ne mutane da yawa sun ɗauka batir ne ke ba mota wuta. Batir randa ce kawai, altanato ne mai ɗebo ruwan yana zubawa, in mai ɗebowa ya tsaya kuwa komai girman randar sai an ga gindinta. Aikin batir ya juya sitata na 'yan daƙiƙoƙi. Da inji ya kama, fambel zai juya altanato, shi kuma ya ɗauki nauyin fitilu, oda, abin share gilashi, fanka da wutar fulogi a motar fetur, sannan ya mayar wa batir abin da aka ara a wurinsa. Kafin shekarun 1960 dinamo ne ke wannan aiki, wanda ba ya yin cajin kirki sai inji yana gudu sosai. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fara fitar da ƙaramar mota ta kasuwa da altanato a matsayin kayanta na asali, a motarsa Valiant ta 1960, bayan da aka samu ƙananan dayod masu araha da ke iya mayar da wuta mai kai-da-komo zuwa mai tafiya gefe ɗaya irin wadda batir ke karɓa. Cikin 'yan shekaru sauran kamfanoni suka bi sahu. Tun daga lokacin tsarin bai canza sosai ba, wannan kuwa alheri ne ga mai tsohuwar mota, domin wanda ya laƙanci cikin altanaton 504 ba zai yi baƙunta a na Hiace ba.

Ya kamata duk mai mota ya tsaya sau ɗaya ya ga an kwance shi. Da an cire dogayen kusoshin da ke haɗa murafunsa biyu, za a ga dunƙulen ƙarfe mai juyawa a tsakiya da wayar tagulla naɗe a cikinsa, da zoben da ba ya motsi wanda shi ma aka naɗe da tagulla a kewayensa, da farantin da ke ɗauke da dayod, galibi manya guda shida, da regileta mai tsare wutar kada ta wuce iyaka, da boris biyu, gaba da baya. Sai wasu 'yan sanduna biyu na baƙin gawayi da ba su kai gaɓar ƙaramin yatsa ba, sharbon, waɗanda wayar sifirin ke danna su a kan zobba biyu na tagulla a wutsiyar mai juyawar. Ta nan wutar da ke haifar da maganaɗisu ke shiga. Su dai an yi su ne don su cinye a hankali, kamar takalmin birki. Idan suka gajarta sifirin ya daina danna su da kyau, sai caji ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, jar fitilar batir ta riƙa ƙyaftawa a gargada, daga baya ta kunnu gaba ɗaya. Kuɗin sharbon biyu ɗan ƙanƙanin kaso ne na kuɗin altanato, kuma mai hannu yana canza su da ƙarfen dalma cikin ɗan lokaci. Haka boris: in ya fara gurnani ko kuka, ana fitar da shi a sa wani mai lamba ɗaya. Regileta da farantin dayod ma ana sayar da su daban. Abin da ke da tsada da wuyar samu, wato naɗin tagulla da gangar jikin, shi ne ya fi komai daɗewa, yana iya yin shekaru da dama lafiya lau muddin ba a ƙona shi ba.

Yanayin yankin Kore Mairuwa kuwa waɗannan ƙananan sassa yake fara ci. Altanato yana juyawa ninki biyu zuwa uku na gudun inji, ma'ana in inji yana zagaye 2,500 a minti, shi yana yin fiye da 5,000, kuma don kada ya ƙone yana zuƙar iska ta cikinsa ba tare da wata matata ba. A lokacin hunturu, ko a jar hanya bayan wata mota, iskar nan da ƙura take shiga, ƙurar ta zauna tsakanin sharbon da zobbansa tana gurza su. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin inuwa ke haura digiri 40, abin da ke ƙarƙashin murfin inji ya wuce haka nesa, dayod da regileta kuwa zafi ne ajalinsu. Gargada tana sassauta kusoshi da wayoyi. Da damina motar da ta faɗa ruwan fadama da zafinta takan kwaso laka har cikin boris. Ga man inji da ke tsiyaya daga sama yana haɗuwa da ƙura ya zama danƙo ya liƙe sharbon a gidansa. Sai kuma abin da hannun mutum ke jawowa: fambel ya yi ƙara, yaro ya sa ƙarfe ya ɗaure shi tamau har ba ya lotsawa, ƙarar ta ɗauke, amma boris na gaba ya fara mutuwa daga ranar. Duk waɗannan cututtuka suna da magani ɗaya bayan ɗaya, kuma babu ko guda daga cikinsu da sabon altanato ya fi ƙarfinsa. Wanda aka ɗaura yau ƙurar da ta ci na jiya ce za ta ci shi.

Akwai ma lokuta da yawa da altanaton lafiyarsa ƙalau, ana barin jaki ana dukan taiki. Fambel da ya saki ko ya yi santsi yana zamewa a kan fule, caji ya ragu. Kan batir da ya yi farar tsatsa yana tare wuta. Wayar da ta haɗa inji da jikin mota in ta ruɓe, wutar ba ta samun hanyar komawa. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ƙwan jar fitilar nan ta gaban direba: a yawancin tsofaffin motoci ta cikinsa 'yar wutar farko ke bi ta tayar da altanato, saboda haka in ƙwan ya mutu altanato yana iya ƙin fara caji har sai an taka inji da ƙarfi. Direban da ya murɗa makulli bai ga jar fitilar ta kama ba kafin inji ya tashi, ya riga ya sami labari. Gano duk wannan ba ya buƙatar kwamfuta. Mitar awon wuta, wadda ta kai girman wayar hannu kuma ake sayarwa a shagunan kayan lantarki da na sola, ita ce alƙali. A ɗora jan tsinkenta da baƙin a kan batir mai volt 12 inji a kashe: cikakken batir zai nuna kusan 12.6, wanda ya nuna 12 ko ƙasa ya sauka sosai. A tayar da inji: lafiyayyen altanato zai kai adadin tsakanin 13.8 da 14.4 ko kusa da haka. A kunna manyan fitilu da fanka a ɗan taka mai: in ya tsaya sama da 13 yana ɗaukar kayansa. In ya haura 15, regileta ta saki, ana dafa batir ne, shi ya sa ruwansa ke ƙafewa yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. In kuwa batir ya nuna 12 da ɗoriya alhali bakin altanaton kansa yana nuna 14, to laifin yana kan waya tsakaninsu. Ga manyan motoci masu volt 24 sai a ninka lissafin. Wannan awo bai fi minti biyar ba.

A maimakonsa, gwajin da ya zama ruwan dare a gareji-garejinmu shi ne a cire kan batir inji yana aiki, in motar ba ta mutu ba a ce caji lafiya, in ta mutu a ce altanato ya tafi. Wannan al'ada gado ce daga zamanin dinamo, kuma ya kamata a bar ta yau-yau. Batir ne ke shanye hauhawar wutar da altanato ke fitarwa. In aka cire shi farat ɗaya wutar tana iya yin tsalle nesa da abin da kayan mota ke jurewa, ta fasa dayod, ta ƙona regileta, a motar da ke da ƙwaƙwalwar inji kuma ta hallaka abin da ya fi altanaton tsada. Gwajin ma ba ya faɗar gaskiya: altanaton da dayod ɗinsa ɗaya ya mutu yana iya riƙe inji a tsaye amma ya kasa ɗaukar fitilu da dare, tsohon injin gas kuwa ɗan abin da yake buƙata na wuta bai taka kara ya karya ba, sai ya ci gaba da aiki da ragowar caji. Haka nan haɗa wayar taimako tsakanin mota da mota a juye, ko da na ƙiftawar ido ne, yana kashe dayod nan take, walda a jikin mota ba a cire batir ba ita ma haɗari ce a gare su. Kuma raunanan batir da ake ta lallaɓawa da turi yana sa altanato aiki iya ƙarfinsa ba hutu har ya ƙone naɗinsa, kamar yadda altanato mai rauni ke barin batir a yunwace har farantansa su daskare su daina karɓar caji. Kowane yana iya kashe ɗan'uwansa, shi ya sa wanda ya canza ɗaya bai auna ɗayan ba yakan dawo gareji kafin wata ya zagayo.

Sai a tambaya, me ake samu a kasuwa in an ce a canza? Abu biyu ne. Na farko na hannu, wanda aka ciro daga motar da ta gama yayinta a Turai, Amurka ko Japan. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 waɗannan wurare uku sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka zo. Kayan gyaran na biye da su cikin kwantena, a zube, babu takardar da ke faɗar tafiyar da kowane ya yi. Altanaton da ke kan tebur a Katako ta Yamai ko Ƙofar Ruwa ta Kano yana iya zama na kirki ƙwarai, yana kuma iya zama sharbon ɗinsa saura ƙiris, an dai wanke shi da fetur an fesa masa fenti. Mai saye yana musanya tsoho wanda ya san tarihinsa da tsoho wanda bai sani ba. Na biyu sabo fil a kwali, mai araha, wani lokaci da sunan babban kamfani a jikinsa na jabu. Ba duk sabon da ke fitowa daga Asiya ne marar kyau ba, akwai masu aminci. Amma hanyoyin rage farashi sanannu ne: siririn naɗi, ko wayar alminiyom da aka shafa wa ruwan tagulla, alhali alminiyom yana wuce da kusan kashi 60 ne cikin ɗari na wutar da tagulla mai kaurinsa ke wucewa da ita, ga ƙananan dayod da boris maras nagarta. Irin wannan yana aiki ranar da aka ɗaura shi, bazara ce ke tona masa asiri. Araha ba ta ado. Altanaton da Denso ya yi wa Toyota, ko Bosch ya yi wa Marsandi, ko Paris-Rhône da Ducellier suka yi wa Peugeot, ko ya tsufa, tagullarsa da ƙarfensa sun fi na waɗannan.

Ga kuma tsadar hanya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ya rufe iyakokin Nijar da Benin da Nijeriya, gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville wadda kayan tashar Kwatano ke bi ta tsaya cik. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Nijeriya ta buɗe, amma Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren gadar, kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso. Jihar Dosso, wadda ita ce ƙofar shigowar waɗannan kaya, ta ji jiki ƙwarai. Darasin a fili yake ga ƙasar da ba ta da teku: abin da sai an ɗauko shi ɗungurungum daga ƙetare rana ɗaya siyasa ke yanke shi, amma sharbon da boris da regileta na motoci da dama suna shiga jakar hannu guda, kuɗin aikin kuma a Kore Mairuwa yake zama, a hannun mai gyara da yaransa.

Canjin ma yana da nasa haɗarin da ba a cika faɗa ba. Altanato biyu suna iya kama da juna a ido su bambanta a ƙarfin amfiya, a wurin kusoshi, a faɗin fule, da tsarin soket ɗin baya. In kusoshi ba su hau ba sai a sa wasa ko a yi walda, fule ya karkace kaɗan, fambel ya riƙa cinyewa yana tsinkewa, kuma a injuna da yawa fambel ɗin nan shi ke juya famfon ruwa, tsinkewarsa tsakanin Kore Mairuwa da Dosso tana iya zama sanadin ƙonewar inji. Tsofaffin 504 da yawa regiletarsu a waje take, in aka kawo mai regileta a ciki sai an sake tsara waya, wanda bai iya ba ya bar jar fitila a mace, direba ya rasa mai yi masa gargaɗi. Mafi muhimmanci, a tsofaffin Hiace da Hilux masu injin gas akwai ɗan famfo manne da altanato wanda ke zuƙe iska don taimaka wa birki, da bututun mai da ke shiga cikinsa. Wanda ya taɓa altanato a irin wannan mota ya taɓa birki. In famfon da ya zo tare da na hannun ya gaji, ko ba a haɗa bututunsa daidai ba, feda za ta yi tauri a ƙafar direba ranar da ya fi buƙatarta, da mutum goma sha tara a bayansa.

Direba yana da hujja mai ƙarfi da zai kawo, ba kuma zan raina ta ba. Zai ce lokaci kuɗi ne: in motarsa ta tsaya jajiberin kasuwa, canji awa ɗaya ne, gyara kuwa sai an kwance, a nemo boris mai lambar, wataƙila a aika Dogon Dutsi ko Dosso, yini ya tafi, mai mota kuma yana jiran balas da yamma. Gaskiya ne. Amma wannan matsalar tsari ce, kuma waɗanda suka ƙera motocin sun daɗe da warware ta. A Turai ana kai tsohon altanato a karɓi wanda aka sabunta a masana'anta da garanti, a bar tsohon a sabunta wa wani. Bosch da Valeo suna wannan kasuwanci, Renault kuma tun 1949 ya fara sabunta kayan inji a masana'antarsa ta Choisy-le-Roi kusa da Paris. Tun 1 ga Janairun 2017 dokar Faransa ta wajabta wa masu gareji su gabatar wa mai mota zaɓin kayan da aka sake amfani da su ko aka sabunta a nau'o'in gyara da dama. Ƙasar da ke da kuɗin sayen sabo ke nan. Babu abin da zai hana mai gyaran wutar mota a bakin tashar Kore Mairuwa ya ajiye altanato uku ko huɗu na motocin da suka fi yawa a layin, waɗanda ya riga ya sabunta ya gwada, direba ya zo a ɗaura masa cikin awa ɗaya, ya bar nasa, ya biya kuɗin gyara da ɗan ƙari. Nau'o'in motocin da ke wannan layi ba su da yawa, jarin kuma bai fi ƙarfin ƙungiyar direbobi ba in ta haɗa hannu da mai sana'ar. Sandika da ke iya karɓar kuɗin lodi kullum tana iya wannan.

Hujja ta biyu ta fi zafi: an sha gyara bai yi ba, kuma akwai masu gyara marasa amana. Wannan ma haka yake. Akwai mai miƙe tsohon sifirin ya ce ya sa sabon sharbon, akwai mai ciro dayod daga matacce ya liƙa, akwai mai sake naɗi da wayar da ba ta kai kaurin ta asali ba, ya rage yawan zagaye, ya shafa fenti maimakon maganin da ke jure zafi. Altanaton da aka yi wa haka ba zai kai ko'ina ba, kuma shi ya ɓata wa sana'ar suna har mutane suka gwammace na kwali. Sai dai mai sayar da na kwali ko na hannu shi ma ba a tsarkake yake ba, kuma cutarsa ta fi wuyar ganowa tunda a rufe kayan yake zuwa. Gyara kuwa ana iya tsayawa a kansa. Mai mota yana da ikon ya ce a auna a gabansa kafin a kwance da bayan an ɗaura, a nuna masa abin da ya lalace, a damƙa masa tsohon da aka cire a hannu, a kuma yi masa alƙawarin wata ɗaya ko biyu. Mai gyara na ƙwarai ba ya tsoron mita, ita ce ma ke raba shi da ɗan ci-da-ceto. Inda gibin yake shi ne koyarwa. Yawancin yaran gareji da ido da kunne suka koya, hannunsu ya faɗa, amma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu me volt 14 ke nufi. Nijar tana da cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi, tana da asusun FAFPA da aka kafa don tallafa wa koyon sana'a da horar da masu aikin hannu. Horon 'yan kwanaki ga masu gyaran da ke bakin aiki a gundumomin Tibiri da Dogon Dutsi, a kan awo kaɗai, kowa ya tashi da mitarsa, zai fi tarukan da ake kashe kuɗi a kansu amfani. Karatun da ake buƙata bai wuce gane lambobi ba, wanda duk mai danna wayar hannu ya riga ya iya.

Wasu kuma za su ce duk wannan lallashin gawa ne, motocin sun tsufa, suna hayaƙi, suna kisa, kamata ya yi a kawar da su. A 2020 ƙasashen CEDEAO sun amince da taƙaita shekaru da hayaƙin motocin da ake shigowa da su, tun Nijar tana cikin ƙungiyar kafin ficewarta a Janairun 2025, kuma manufar tana da kyau. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 sun nuna yankin Afirka ne ke da mafi girman kason mutuwa a kan hanya in aka auna da yawan jama'a, alhali kusan kashi 3 cikin ɗari ne na motocin duniya ke nan. Ba na jayayya da cewa wata motar ta kai ta huta. Amma dokar shigo da mota ba ta sauke ko guda daga cikin waɗanda ke kan hanyar Gecheme a yau, kuma mai akori-kura ba shi da bankin da zai ba shi bashin sabuwa. Motocin nan za su ci gaba da ɗaukar mutane shekaru masu zuwa ko mun so ko mun ƙi, saboda haka abin dubawa shi ne da wane irin haske za su yi tafiyar dare. Direban da ya san cajinsa ba ya cika yakan kashe manyan fitilu don tattalin batir, ya bi hanya da ƙananan, ko ya ƙi kashe inji a tasha yana ƙona mai a banza don tsoron turi. Motar da wuta ta ƙare mata takan tsaya a kan kwalta ba fitilar baya, ba sigina, sai 'yan rassan itace da aka jera, a hanyar da bas ke gudu kuma amalanken jaki ke bi ba haske. Cajin da ke tsaye a kan 14 yana cikin abubuwa mafi araha da ke rage irin wannan haɗari, kuma jandarman da ke duba takardu a shinge ya fi cancanta ya duba fitilu.

Akwai ranar da canji ne kaɗai mafita, kuma mai gyara mai gaskiya zai faɗa. In naɗin ya ƙone ƙurmus har yana warin ƙuna kuma babu mai naɗi na amana kusa, in gangar jikin ta tsage, in gidan boris ya buɗe har sabon boris yana rawa a ciki, in zobban tagulla sun cinye sun kai ga roba kuma ba a samun madadinsu, ko in abubuwa uku ko huɗu sun mutu tare har kuɗin gyara ya doshi na saye, to a saya. Haka in an ƙara wa mota manyan fitilu da amsa-kuwwa da wuraren cajin waya har sun fi ƙarfin ɗan altanaton asali mai amfiya 50 ko 55, nan ma gara a nemi mafi ƙarfi tare da waya mai kaurin da za ta ɗauke shi. Amma a je kasuwa da tsohon a hannu a gwada kusoshi da fule da soket, a karanta volt da amfiya a jikin takardarsa, a juya shi da hannu a saurari boris, a buɗe murfin baya a ga tsawon sharbon in na hannu ne, a kuma ƙulla da mai sayarwa cewa in mita ba ta nuna daidai ba bayan ɗaurawa za a mayar masa. A cire baƙar wayar batir kafin a taɓa komai, a caja batir ya cika kafin a tayar da inji don kada sabon ya fara rayuwarsa da ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsa, a ɗaure fambel daidai yadda zai ɗan lotsa in an danna da babban yatsa. Tsohon kuma kada a miƙa wa masu sayen ƙarfe a kilo, waɗanda za su fasa shi don tagullar cikinsa. A bar shi wurin mai gyara a rage kuɗinsa daga lissafi, domin fulensa, murfinsa, famfon birkinsa ko naɗinsa guda mai lafiya zai tayar da wata Hiace ɗin a layin Tibiri.